Sabo da Lokaci: Sharhi a kan Yadda Ake Koyar da Al'adar Dâ a Nahawun Ingilishi

1. Gabatarwa

Daga cikin darussan Ingilishi da ake bai wa yaranmu a koleji da lise, akwai guda wanda ake ɗauka mai sauƙi ne, har malami yakan gama shi cikin sa'a ɗaya, watau yadda ake faɗin abin da mutum ya saba yi a dâ. Ƙa'idar da ake rubutawa a allo gajera ce: "used to" shi ne na al'adar da ta wuce, "would" kuma ɗan'uwansa ne, ana iya sa wannan a gurbin wancan. Idan ɗalibi ya nemi ƙarin haske, sai a ce masa abin daidai yake da "imparfait" na Faransanci, ko kuwa da "kan" na Hausa.

Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwatance uku rabin gaskiya ne, kuma tushen ɓatan guda ne: an haɗa sabo da lokaci an mai da su abu ɗaya, alhali Hausa ta raba su sarai, Ingilishi kuma ya raba su ta wata hanya tasa. Mun ce Ingilishi ba mu ce Turanci ba, domin a bakin mutane da yawa na ƙasarmu Turanci Faransanci yake nufi. Mun sa wa "dâ" ta zamanin baya alama domin a bambanta ta da "da" ta haɗi. Tauraro (*) a gaban jimla yana nufin ba ta karɓuwa da ma'anar da ake nema.

2. "Kan" ba shi da lokaci

A dubi waɗannan jimloli:

(1) Yakan je kasuwa ran Juma'a.
(2) Dâ yakan je kasuwa ran Juma'a.
(3) He goes to the market on Fridays.
(4) He used to go to the market on Fridays.

Jimla ta (1) ita ce ta (3), ta (2) kuma ita ce ta (4). "Kan" bai sauya ba tsakanin (1) da (2). Abin da ya mai da maganar baya shi ne "dâ". Ke nan "kan" maimaituwar aiki kawai yake nunawa, lokacin kuwa daga wata kalma ko daga zancen da ya gabata ake samunsa. Shi kuwa "used to" a ɗaure yake da baya, ba ya sakuwa. Idan lalle sai an nema masa takwara a Hausa, to, ya fi kusa da "dâ" bisa ga "kan". Ga hujja:

(5) Dâ yana da raƙuma. He used to have camels.
(6) Dâ Damagaram ce babban birnin Nijar. Zinder used to be the capital of Niger.

Babu "kan" a cikin (5) da (6), babu ma wani aiki da ake maimaitawa, hali ne kawai da ya daɗe sa'an nan ya kau. Amma "used to" ya zauna daram.

Wani ɓangare na laifin yana wuyan sunan da muka saba ba "kan" a nahawun Hausa, watau "lokaci sabau". Yaron da aka koya wa cewa "kan" lokaci ne zai nema masa lokaci guda a Ingilishi. Masana sun daɗe da gyara wannan. Claude Gouffé ya yi rubuce-rubuce tun shekarun 1960 a kan cewa tsarin aikatau na Hausa ya fi danganta da yanayin aiki, ko ya kammala, ko yana ci, ko yana maimaituwa, bisa ga lokacin aukuwarsa. Bernard Comrie, a littafinsa Aspect na 1976, ya fayyace bambancin waɗannan abubuwa biyu a harsuna da dama, kuma manyan littattafan nahawun Hausa na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001 sun kiyaye shi. Sai dai ilmin bai sauko daga ɗakin bincike zuwa allon aji ba.

Sakamakon wannan ruɗani shi ne kuskuren da kowane mai gyaran takardu ya sani. Ɗalibi yakan yi lissafi mai kyau a kan harsashi marar kyau: idan "used to" shi ne "kan" na baya, to, a cire "d" a sami "kan" na yanzu. Sai ya rubuta:

(7) *I use to pay my debts on time.

Abin da yake nufi shi ne "nakan biya bashina a kan kari". Amma a furuci babu bambanci tsakanin "use to" da "used to", domin "d" takan narke cikin "t" da ke biye da ita. Saboda haka mai jin Ingilishi zai fahimta cewa dâ mutumin yana biya, yanzu ya bari. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya faɗi haka ga abokin ciniki, ko mai neman aiki da ya rubuta cewa shi "use to" zuwa aiki da wuri, ya ba da shaida a kan kansa da bakinsa, bai kuwa sani ba. Daidai ita ce "I pay" ko "I usually pay".

Ya kamata a yi wa wannan kuskure adalci. Aikatau "use" ya shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, kuma a zamanin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ana amfani da shi a lokacin yanzu da ma'anar sabo. Daga baya ne wannan siga ta mutu, ta baya kaɗai ta rage. Har ila yau ana jin "use to" na yanzu a bakin masu Ingilishi da yawa a Nijeriya, kuma yaran Maraɗi da Ƙonni da Magarya suna jin sa daga maƙwabta. Gurbi ne harshen ya bari, mutane suka cike. Amma a daidaitaccen Ingilishi na rubutu, wanda da shi ake auna ɗalibi a jarrabawa, ba ya karɓuwa, kuma hakkin malami ne ya faɗi dalili, kada ya tsaya ga jan layi da jan alƙalami.

3. Tarkon "imparfait"

Yaronmu ta ƙofar Faransanci yake shiga Ingilishi, don haka kwatanci na biyu ya fi na farko tasiri a kansa. Gaskiya ne "imparfait" yana ɗaukar al'adar dâ, amma yana ɗaukar wasu kaya biyu: aikin da ke cikin gudana sa'ad da wani abu ya auku, da kuma siffanta hali a cikin labari. Ingilishi ya raba waɗannan kaya ga masu dako dabam-dabam:

(8) Je lisais tous les soirs. I used to read every evening.
(9) Je lisais quand il est entré. I was reading when he came in.
(10) Il faisait chaud ce jour-là. It was hot that day.

Sa "used to" a (9) ko (10) ɓarna ce. Abin lura shi ne Hausa ta fi Faransanci taimako a nan, domin ta bambanta "nakan yi karatu kowane dare" da "ina cikin karatu ya shigo". Yaron da aka tambaya yadda zai faɗi jimlar da harshen gidansu ba zai rikita (8) da (9) ba. Hanya ta Faransanci ce ke rufe masa bambancin da ya riga ya sani tun yana goye.

4. "Would" ba tagwayen "used to" ba ne

Wannan shi ne wurin da darasin ya fi rauni, kuma shi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa. Akwai sharuɗɗa uku da ke kan "would" waɗanda ba su kan "used to".

Na farko, "would" na al'ada yana tafiya da aikin da ake yi a sake yi, ba ya tafiya da hali mai ɗorewa kamar mallaka, zama a wuri, sani, ko kasancewa. Idan aka sa shi a (5) da (6):

(11) *He would have camels.
(12) *Zinder would be the capital of Niger.

sai ma'anar al'ada ta gudu, mai sauraro ya tsaya jiran sharaɗi, kamar an ce "da zai sami raƙuma in da...". Wannan haɗari ya fi yawa ga ɗalibanmu, domin sun fara sanin "would" a matsayin takwarar "conditionnel" na Faransanci.

Na biyu, "would" ba ya buɗe zance. Sai an riga an kafa zamanin da ake magana a kansa, sa'an nan ya shigo ya jera ayyukan da ke cikinsa. Mutum ba zai tari wani haka kawai ya ce "I would play football" ya sa ran a fahimci ƙuruciyarsa yake tunawa ba. A dubi yadda su biyun ke raba aiki a cikin wannan misali, game da fataucin hamada wanda ya durƙushe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911:

(13) Traders used to cross the desert from Kano to Tripoli. They would load their camels with cloth and leather, they would rest in Zinder and Agadez, and they would come home many months later.

"Used to" ya kafa zamani, "would" ya bi da jerin ayyuka. To, ga yadda Bahaushe zai faɗi wannan:

(14) Dâ fatake sukan ƙetare hamada daga Kano zuwa Tarabulus. Sai su ɗora wa raƙuma tufafi da fatu, su yada zango a Damagaram da Agadas, su komo gida bayan watanni masu yawa.

Tsarin ɗaya ne. "Dâ sukan" ya buɗe, "sai su..., su..., su..." ya biyo baya. Kamar yadda "sai su ɗora" ba ya iya zama farkon magana, haka "they would load" ba ya iyawa. Bugu da ƙari, mai ba da labari da Hausa yakan ce "a lokacin nan, da asuba za mu tashi, mu kora dabbobi", ya yi amfani da "za" na gaba wajen faɗin al'adar baya. "Would" kuwa asalinsa sigar baya ce ta "will". A ganinmu wannan ne kwatancen da ya kamata a ɗora darasin a kansa, kuma ba a samunsa a littafin da aka rubuta domin duniya duka.

Na uku, korewa tana sauya ma'anarsa. "He wouldn't eat millet" ya fi karkata ga "ya ƙi cin hatsi", watau ƙiyawa da gangan. Wanda ke nufin "dâ ba ya cin hatsi" ya fi aminci da "he didn't use to eat millet" ko "he never ate millet".

5. Sigar da aka manta

Babban gibin darasin shi ne rashin ambaton hanya ta uku, wadda ita ce ta fi yawa a bakin masu harshen: shuɗaɗɗen lokaci tsurarsa, tare da bayanau mai nuna maimaici.

(15) When I was a child, I walked to school every day.

Wannan jimla cikakkiya ce, ba ta bukatar "used to" ko "would". Sali Tagliamonte da Helen Lawrence sun buga wani bincike a shekarar 2000 a kan maganar mutanen birnin York na Ingila, suka tarar cewa wajen faɗin al'adar dâ shuɗaɗɗen lokaci tsurarsa ne ya ɗauki kaso mafi girma da nisa, "used to" na biye, "would" a baya. Ke nan darasinmu ya ɗauki ƙananan hanyoyi biyu ya mai da su babbar hanya. Shi ya sa ake ganin insha'in da kowace jimla tasa ke ɗauke da "used to", sau goma a shafi guda, abin da ba kuskuren nahawu ba ne amma yana gajiyar da mai karatu kamar a ce "dâ" a farkon kowace jimla ta tatsuniya.

Akwai kuma wuraren da wannan siga ce kaɗai ke halatta. Idan an faɗi jimillar tsawon lokaci, ko adadin sau nawa aka yi abu gaba ɗaya, "used to" ba ya shiga:

(16) Zinder was the capital for fifteen years, from 1911 to 1926.
(17) *Zinder used to be the capital for fifteen years.
(18) She went to Mecca three times.
(19) *She used to go to Mecca three times.

Dalili shi ne "used to" yana kallon zamanin dâ a buɗe, ba tare da an auna iyakarsa ba. Da zarar an ƙidaya, an rufe shi. Amma "three times a year" yana karɓuwa, domin wannan awon maimaici ne, ba jimilla ba. Hausa ma haka take: ana cewa "takan je sau uku a shekara", ba a cewa "takan je Makka sau uku" ana nufin iyakar zuwanta ke nan a rayuwa. A nan ne kuma ya dace a ja kunnen ɗalibi game da "taɓa". "Na taɓa zuwa Yamai" ba al'ada ba ce, ko sau ɗaya ya isa. Ingilishinsa "I have been to Niamey" ne.

6. "Saba" da "be used to"

Littattafai sukan yi gargaɗi kada a rikita "used to" da "be used to", amma sukan tsaya ga siffa: wai na biyun yana ɗaukar "-ing". Ɗalibi yakan haddace, ya manta. Hausa tana da makullin a hannu:

(20) Na saba da zafi. I am used to the heat.
(21) Na saba da tashi da asuba. I am used to getting up at dawn.
(22) Za ka saba. You will get used to it.

"Be used to" shi ne "saba da", kuma abin da ke bin "da" suna ne ko sunan aiki: zafi, tashi. Haka "to" na nan yake neman suna, shi ya sa "getting" ya zo maimakon "get". Kuma kamar "saba", yana shiga kowane lokaci, baya da yanzu da gaba, abin da "used to" na al'ada ba ya yi. Wanda ya gane haka ba ya bukatar hadda.

7. Korewa, tambaya, da batun "ya daina"

A kan rubutu ba sai an tsawaita ba. Sigar da aka fi yarda da ita a makaranta ita ce "did you use to" da "didn't use to", ba tare da "d" ba, tun da "did" ya riga ya ɗauki lokacin. Ana ganin "didn't used to" a rubuce-rubucen masu harshen da kansu, amma ɗalibi ya kauce masa a jarrabawa. "Used not to" tsohon salo ne na Ingila mai nauyi, "never used to" kuwa ya fi sauƙi a baki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙa'idar da ake bayarwa cewa "used to" dole yana nufin an daina. Comrie ya nuna cewa wannan zato ne da mai sauraro ke yi, ba ma'ana ce da ke cikin kalmar kanta ba, domin ana iya warware shi ba tare da an saɓa wa kai ba:

(23) He used to smoke, and he still does.

Haka Bahaushe ke cewa "dâ yana shan taba, har yanzu ma bai bari ba". Amma idan ba a warware ba, zaton yana nan da ƙarfinsa, kuma shi ne ya sa jimla ta (7) ta zama abin kunya ga mai faɗinta.

8. Kammalawa

Littattafan da malamanmu ke dogara da su, irin su A Practical English Grammar na Thomson da Martinet wanda ya fara fitowa a 1960, da Practical English Usage na Michael Swan na 1980, da English Grammar in Use na Raymond Murphy na 1985, ba su faɗi ƙarya a kan wannan batu ba. Akasarin sharuɗɗan da muka ambata ana samunsu a irin waɗannan littattafai. Rauninsu a wurinmu shi ne an rubuta su domin kowane mai koyo a duniya, ba su san "kan" ba, ba su san "dâ" ba, ba su kuma san cewa mai karatunsu ya ratso ta Faransanci ba. Laifin da ya rage namu ne, da muke taƙaita abin da suka faɗa zuwa layi biyu, sa'an nan mu cike gibin da kwatance marasa tushe.

Shawararmu ita ce a sake jera darasin bisa tambayoyi huɗu da ɗalibi zai yi wa kansa da Hausa kafin ya ɗora alƙalami. Shin jimlar tana karɓar "dâ"? In ba ta karɓa, babu "used to". Shin an ƙidaya shekarun ko sau nawa gaba ɗaya? In an ƙidaya, shuɗaɗɗen lokaci tsurarsa. Shin aiki ne da ake maimaitawa, kuma an riga an kafa zamaninsa, har ana iya cewa "sai mu..."? To, "would" ya halatta. Shin "saba da" ake nufi? To, "be used to" da suna. A fara koyar da shuɗaɗɗen lokaci tare da bayanau, a bi da "used to", a ajiye "would" sai ɗalibi ya fara rubuta labari mai sakin layi.

Wannan yana bukatar a yarda Hausa ta shiga ajin Ingilishi a matsayin ma'auni, a wuraren da ita ce harshen yara, haka kuma a yi wa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci irin wannan nazari domin nasu yaran. Aikin kwatanta tsarin aikatau na harsunanmu da na Ingilishi kai tsaye, ba ta hannun Faransanci ba, yana jiran masu bincike, kuma batun al'adar dâ wuri ne mai kyau na farawa, domin a nan ne Hausa da Ingilishi suka fi kusa da juna fiye da yadda littattafai suka nuna.